TP-Link TL-WR802N: ɗan akwatin da ya shigar da firintarmu da kyamarorin gida cikin waifai

Wanda yake da na'urar da ba ta san waifai ba, sai dai ramin kebul a bayanta, rautarsa kuma, wato akwatin da ke kawo intanet ya watsa waifai, tana can wani sashe na gida da jawo waya daga can zai zama aiki, to TP-Link TL-WR802N na iya raba masa gardama. Shi nake amfani da shi a gidanmu da ke Mabera. Ya sha zafin bazara, ya sha ƙurar hunturu, yana nan yana aikinsa. Sai dai ba kowane gida zai yi wa ba, kuma abin da ya sa ya yi wa namu ba shi ne lambar 300 da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa ba.

Ga yadda gidan yake. Daga ƙofa sai zaure, a jikin zauren akwai ɗaki guda, sai tsakar gida, sashen Inna a hannun dama, nawa sashen a can ƙurya. Rautarmu ta 4G tana kan tagar ɗakina, ba don son kai ba, sai don nan ne kaɗai sabis ke cika. Ka ɗan matsar da ita zuwa kan tebur, sanduna biyu sun faɗi. Ɗakin zaure kuwa shi ne ofis. A nan nake riƙe wa yayana lissafin albasar da yake lodawa zuwa kudu. A nan kwamfutar tebur take, da firinta HP LaserJet ta hannu, da DVR, wato akwatin da ke naɗe hoton kyamarori huɗu da muka sa lokacin da aka fara haura katangu a layinmu. Duk ukun babu mai waifai a jikinsa. Ta kwamfuta da sauƙi, ɗan tsinken waifai na USB irin TL-WN725N ya ishe ta. Firinta da DVR ba sa karɓar wannan. Yaya yana so in yana Fatakwal ya buɗe wayarsa ya ga ƙofar gida, ni kuma ina so in tura takarda daga ɗakina firinta ta fitar, ba sai na kwafa a filashi na ƙetare tsakar gida da rana tsaka ba.

Kebul ya fi komai, wannan ba abin musu ba ne. Cat5e mai kyau yana tafiya har mita 100 ba tare da ya gaza ba, tsakanin ɗakina da zaure kuwa ko rabin haka babu. Amma kebul ɗin ko dai ya bi ƙasa, inda jajayen awakin Inna ke tauna duk abin da suka samu, ko ya bi sama, inda ranar Sakkwato za ta dafa robar jikinsa har ta fara tsagewa in ba irin na waje ba ne. Yawancin wanda ake yanko maka a kasuwa ma ba jan ƙarfe ba ne zalla, alminiyom ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, ka lanƙwasa shi sau biyu ya karye a ciki. Sannan kowace hanya aka bi sai an huda bango. Da na kai wa Inna maganar, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta ta ce, "Wanga gida ba a huda mai bango. Ku nemi wata dubara." Magana ta ƙare.

A wani shago da ke titin Emir Yahaya na same shi. Da na fara bayani, yaron shagon bai bari na kai aya ba ya miƙo min wani kwali.

"Busta ɗai za ka saye, Malam. Shi kowa ka ɗauka."

Na ce masa ba ƙarin sabis nake nema ba, abin da zai kama waifai ya fitar min da shi ta kebul nake so. Ya ɗan yi shiru, sai ya leƙa ciki ya kira maigidansa. Shi maigidan da jin DVR ya gane. Ya ce, "Mi kaka ba shi wuta da shi, inbata ko batir?" Wannan tambayar ita ce ta sa na yarda da shagon, don ita ce tambayar da ta dace da garin nan. Ya hau kujera ya sauko da kwali biyu masu ƙura daga saman kanta.

Bambancin busta da wannan ɗan akwatin yana da muhimmanci, kuma a shaguna ba a cika bayyana shi ba. Busta yana kama waifai ne ya sake watsa shi. Irin mai arhar nan rediyo ɗaya gare shi, da shi yake saurare da shi yake magana, kuma ba ya iya yin duka biyun lokaci guda. Kamar ladanin da ke maimaita kabbarar liman ga sahun baya ne: sai ya ji kafin ya faɗa, kuma in ya tsaya inda shi kansa ba ya jin liman, ƙarfin muryarsa ba zai amfani kowa ba. Shi ya sa duk abin da ya bi ta busta mai rediyo ɗaya gudunsa ke raguwa kusan rabi, shi ya sa kuma mutum zai ga sanduna sun cika a wayarsa amma shafi ya ƙi buɗewa. TL-WR802N shi ma yana iya wannan aikin in ka so, don aiki biyar yake yi: rauta, busta, mai watsa waifai daga kebul, mai karɓar waifai na waje ya raba, sai wanda ni nake so, wanda a shafin saiti aka rubuta masa Client. A wannan yanayin ba ya watsa komai. Yana shiga waifai ɗin gida ne kamar yadda waya ke shiga, duk abin da ya samu ya zuba shi cikin kebul. Rediyonsa aiki ɗaya ke gabansa, don haka babu batun rabewar gudu.

In za a yi adalci, busta da yawa su ma suna da ramin kebul a ƙasansu. TL-WA850RE yana da shi, RE305 ma haka, kuma suna iya ɗaukar DVR ko firinta. Abin da ya raba ni da su wuta ce. Su a soket ɗin bango ake cusa su kai tsaye, wuta 220 suke ci. Ke nan soket ne zai zaɓa maka inda za su zauna, soket ɗin gidajenmu kuwa yawanci a ƙasa suke, bayan kujera ko bayan kabad, wurin da waifai ya fi rauni. Kuma duk sanda aka ɗauke wuta sun mutu. Yaya ya taɓa zuwa da wani daga tafiya, fari mai eriya biyu, kwalinsa ko sunan kamfani na kirki babu. Duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta sai ya mutu ya tashi, wani lokaci ya tashi bai kama rautar ba sai an zare shi an mayar. Ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi da dare, da safe muka tarar da shi yana warin ƙonewa.

Shi wannan 5V kawai yake ci, ta bakin micro USB, irin cajar tsofaffin wayoyin Android. A ɗakin zaure muna da batir guda mai 12V da faranti ɗaya na sola a kan rufi, su ke riƙe da DVR da kyamarori dare da rana, mai sola ya sa musu ɗan abin da ke tsayar da wutar daidai. Kwantirolar cajin, irin mai arhar nan da kowa ke sawa, tana da bakin USB biyu a gabanta. A ɗaya daga ciki na soka ɗan akwatin. Babu inbata a tsakani, babu ruwansa da juya layi, babu ruwansa da wuta mai ƙarfi ko mara ƙarfi. Rautar da ke ɗakina ita ma tana kan ƙaramin batirin nan na rauta mai fitar da 5V da 9V da 12V. Don haka ko unguwa ta kwana cikin duhu, Yaya yana ganin ƙofar gida daga inda yake. Wanda ba shi da sola, pawa banki ma tana tashinsa, sai dai ya lura: wasu pawa bankin suna kashe kansu in abin da ke jan wuta ɗan kaɗan ne, wasu kuma suna yanke fitarwa na ɗan lokaci in an soka su a caji. A gwada kafin a dogara.

Firinta kam ba ta cikin wannan lissafi. Mai leza tana da abin dumama tawada da ke jan wuta sosai lokacin bugawa, ɗora ta a ƙaramin inbata neman rigima ne. Tamu sai da wutar gari ko janareta.

Girmansa ya ba ni dariya da na buɗe kwalin. Milimita 57 tsawo, 57 faɗi, kauri 18, ya ɓace a tafin hannu. Fitila ɗaya gare shi, ramin kebul ɗaya, bakin caji, sai ɗan ƙaramin rami na mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, wanda sai da tsinke ko allura ake dannawa. Babu eriya a waje. A kwalin akwai kan caja, da wayar USB, da gajeren kebul. Sunan waifai ɗinsa na farko da lambar sirrinsa suna rubuce a jikinsa, ka ɗauki hotonsu da waya tun rubutun bai goge ba.

Saitinsa da waya na yi. Ka kunna shi kusa da rautarka, ka shiga waifai ɗinsa, ka buɗe burauza ka rubuta tplinkwifi.net. Kafin nan ka kashe datar wayarka, in ba haka ba wayar za ta ga wannan waifai ɗin ba shi da intanet ta zame ta koma kan layinta, shafin ya ƙi buɗewa, kai kuma ka ɗauka akwatin ne ya lalace. Daga nan ka zaɓi Client, ka bar batun adireshi, wato lambar da ake samun na'ura da ita a kan rauta, a kan Smart IP yadda ya zo, ya lalubo maka sunayen waifai da ke kusa, ka taɓa naka, ka sa kalmar sirri, ya mutu ya tashi. Sunansa zai ɓace daga jerin waifai na wayarka. Kada ka tsorata, alamar ya karɓi aikin ke nan. Sai ka ɗauke shi ka kai shi inda zai zauna.

Inda zai zauna ɗin nan shi ne rabin aikin, kuma a nan ƙanƙantarsa da wayar USB suka yi rana. Na sa manhajar auna ƙarfin waifai a wayata, irin su WiFi Analyzer, na yi ta yawo da ita a ɗakin. Lambar da take nunawa da alamar ragi take zuwa, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -50 ƙarfi ne sosai, -67 shi ne iyakar da masu harkar ke so don bidiyo, in an wuce -75 sai addu'a. A kan teburin DVR, bayan bangon bulo da ƙofar ƙarfe, wayar ta nuna min wajen -78. Na ɗaga ta zuwa saman tagar da ke kallon tsakar gida, sai ga ta a wajen -62. Tsakanin wuraren biyu bai wuce tsawon mutum ba. A nan na ɗaure shi da igiyar roba a jikin katakon taga, ba a jikin ƙarfen ba, na sauko da kebul zuwa tebur. Ƙarfe shi ne babban abokin gabar waifai: ƙofar ƙarfe, kwano, rodin da ke cikin ginshiƙi, tankin ruwa. Su kuma masu tsohon ginin ƙasa a cikin gari, wajen Hubbare da kewayensa, kaurin bangonsu kaɗai ya isa ya cinye sabis, musamman da damina in ya sha ruwa. A irin wannan gida ta taga ko ta ƙofa za a nema wa waifai hanya, ba ta cikin bango ba.

Yanzu batun 300 ɗin nan. Megabit 300 a sakan shi ne iyakar abin da rediyonsa zai iya yi a takarda, a tsarin 802.11n da aka tabbatar tun 2009, wanda yanzu ake kira Wi-Fi 4. A zahiri abin da ke isowa bai kai rabin haka ba ko kana tsaye kusa da rauta. Ramin kebul ɗinsa ma megabit 100 ne iyakarsa, ke nan ko rediyon ya kawo fiye da haka babu ƙofar da zai fita. Wanda ya ji haka zai ce ai an cuce shi. Amma a tambayi kai, mene ne zai bi ta cikinsa? Hoton kyamara da ake kallo a waya, in an bar shi a ƙaramin inganci, bai cika kaiwa megabit ɗaya ba. Netflix da kansa megabit 5 yake nema don hoto mai 1080, 15 don 4K. Takardar firinta ba a ma maganarta. Kuma 4G ɗin da ke shigowa gidan, da dare in kowa ya hau, shi ne ke zama ƙaramar ƙofa, ba ɗan akwatin ba. A gidanmu ban taɓa kama shi da laifin jinkiri ba.

Abin da ya kamata a sani tun kafin a biya kuɗi shi ne zangon 2.4GHz kaɗai yake ji, bai san 5GHz ba. A wurinmu wannan bai zama aibi ba, don 2.4 ya fi ratsa bango da cin nisa, abin da muke buƙata ke nan. Aibinsa cunkoso. Kowace MiFi ta maƙwabta, kowace wayar da aka kunna wa hotsifot, a nan suke. Tashoshi uku ne kaɗai a wannan zango da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Na duba a manhajar na ga maƙwabta sun taru a 1 da 6, sai na shiga saitin rautarmu na tsayar da ita a 11, na kuma rage faɗin tashar zuwa 20MHz. Gudun takarda ya ragu, amma yankewa ta daina. Masu sabbin rauta su lura da abu biyu. In rautar ta haɗe 2.4 da 5 ƙarƙashin suna ɗaya kuma akwatin ya ƙi shiga, a raba su, kowanne da sunansa. In kuma tsaronta yana kan WPA3 zalla, wanda ya fito a 2018, a mayar da shi WPA2 ko haɗin biyun, don tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Wannan gyaran zai kuma amfani mai inbatar sola, don 'yan tsinkayen waifai da ake soka musu su ma 2.4 suke ji.

Rami ɗaya gare shi, ni kuwa na'ura uku gare ni. Sai na ƙara da ɗan suwic, wato abin da ke raba kebul ɗaya ga na'urori da yawa, mai rami biyar, TL-SF1005D. Wanda na samu 5V yake ci, don haka shi ma a bakin USB na biyu na kwantirola yake shan wuta. Kowa ya duba bayan nasa kafin ya soka. Kebul daga akwati ya shiga suwic, daga suwic kowa ya ja nasa. Yana aiki, amma akwai wani abu a ƙarƙashi da ya kamata a fahimta. Kowace na'ura tana da lambar shaidarta ta dindindin da ake kira MAC, rauta kuma ba ta karɓar saƙo ta waifai sai daga lambar da ta shiga da kalmar sirri. Firinta da DVR ba su shiga ba, akwatin ne ya shiga. Don haka duk abin da za su aika sai ya lulluɓe shi da tasa lambar. In ka buɗe jerin waɗanda ke kan rautarka za ka iya ganin abu ɗaya maimakon uku, ko ka ga sunaye sun cakuɗe. Illar haka ita ce ba za ka iya dogara da rauta ta riƙe wa firinta adireshi ɗaya kullum ba. Maganin shi ne ka ba firinta da DVR adireshi tsayayye daga jikinsu. Rautarmu tana kan 192.168.0.1, sai na ba firinta 192.168.0.240, DVR kuma 241, can nesa da inda rautar ke rabawa wayoyi, na rubuta su da maka a takarda na manna a bango. Wajen haɗa firinta da laftof ma ban jira ta lalubo ta da kanta ba, adireshin na rubuta mata kai tsaye, nan take ta amsa. Tsofaffin rauta suna da wata hanya da ake kira WDS da ke kauce wa wannan lulluɓin, sai dai kowane kamfani da yadda ya gina tasa, ba a cika samun jituwa tsakanin rautar kamfanin waya da ta wani kamfani ba. Ban ɓata lokaci a kanta ba.

Wani abin lura kuma: ranar da ka canza kalmar sirrin waifai na gida, ka tuna da shi. Mu muna canzawa lokaci-lokaci, don yaran layi in suka samu sai ka ga sun jeru a dakalin ƙofar gida bayan isha'i kowa da waya a hannu. Da ka canza, akwatin ya faɗo, kuma tunda ba ya watsa waifai ba za ka same shi ta waya ba. Ko dai ka haɗa shi da laftof ta kebul, ko ka danna ramin nan da tsinke ka sake saiti daga farko. Na biyun ya fi sauri, bai wuce a sha shayi ba.

Sai data, wadda ita ce ainihin kuɗin da abin zai ci maka, ba kuɗin sayensa ba. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kowa ya koyi lissafi. Megabit ɗaya a sakan, in ya tafi awa guda ba tsayawa, megabait 450 ne. Yaya da farko sai ya buɗe kyamara ya ajiye wayar a gefe yana ciniki, yana ɗan leƙawa. Da na nuna masa lissafin ya ce, "Ashe kallon ƙofa ma da kuɗi aka yi nai." Yanzu leƙawa yake ya rufe. Kwamfutar tebur ta fi wannan haɗari. Da Windows ta ga kebul sai ta ɗauka intanet ne mara iyaka, ta kama sauke sabuntawa ba sallama. A shiga saitin netwok a kunna mata Metered connection a kan wannan layin tun ranar farko. DVR ma a duba cewa manhajar waya tana buɗe ƙaramin hoto ne, ba babba ba.

Zafi kuma ba wasa ba ne. A takardar bayanansa an rubuta cewa yana aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. Duk ɗan Sakkwato ya san a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40, balle ɗaki mai rufin kwano da ƙarfe uku na rana. Kusan duk rauta da suwic na cikin gida wannan iyakar ce a jikinsu, ba shi kaɗai ba. Nawa ya ratsa bazara lafiya, amma ban ɗora shi a kan DVR ba, wanda shi kansa murhu ne, ban sa shi cikin kabad ba, kuma tagar da yake rana ba ta bugunta kai tsaye. Da tsakar rana in ka taɓa shi za ka ji ɗumi, ba irin wanda zai sa ka janye hannu ba. Da hunturu nakan goge shi da busasshen ƙyalle, in hura ramukan suwic ɗin da ba a amfani da su, na ma liƙe su da salatif.

Akwai waɗanda zan ce kada su saye shi. Wanda yake da Starlink, da ya shigo Nijeriya a Janairun 2023, ko 5G, yana kuma son wannan gudun ya isa kwamfutarsa, wannan akwatin zai shaƙe shi. Ya nemi mai jin 5GHz da ramin gigabit, wato megabit 1000, irin RE450, in yana da tsayayyar wuta. Wanda cunkoson 2.4 ya dama amma yana son 5V, akwai ƙanensa TL-WR902AC mai zango biyu, shi ne kwali na biyu da mai shagon ya sauko min da shi, sai dai raminsa shi ma 100 ne, kuma 5GHz ba zai ratsa bangon da 2.4 ke ratsawa ba. Mai son tone-tone ya duba GL.iNet Mango, rami biyu gare shi kuma OpenWrt, manhajar rauta da mutum ke iya sarrafawa yadda yake so, ke cikinsa, amma adireshinsa na asali 192.168.8.1 ne, daidai da na rautocin Huawei da yawa, sai an canza ɗaya. Wanda kuma yake son kai intanet wani gida daban, ƙetaren titi ko can bayan fili, duk waɗannan ba nasa ba ne. Nasa irin CPE210 ko CPE510 ne da ake kafawa a kan sanda suna kallon juna, an gina su don rana da ruwa, wutarsu ma ta cikin kebul take hawa.

Na'urorin nan masu tura intanet ta wayar wutar gida, na san ana yabonsu a Turai. A gidan da rabin soket ke kan inbata, rabi kan wutar gari, ga sitabilaiza a tsakani, ga makunnin juya layi, ban ga ta inda saƙon zai bi ya fita ba. Ban ba kowa shawararsu ba a garin nan.

In za ka saya, ka ce a buɗe kwalin a gabanka. Ka duba kan cajar, wani yana zuwa da ƙafa biyu irin na Turai, soket ɗinmu kuwa mai ƙafa uku ne, ko da yake duk wata cajar waya mai 5V da amfiya ɗaya za ta tashe shi. Ka sa a kunna shi ka ga sunansa ya fito a wayarka, ka ga shafin saitin ya buɗe, ka ga Client a cikin jerin. Ka ƙara da wayar micro USB mai kauri da ɗan tsawo, don ta cikin kwalin gajera ce, siririyar waya mai tsawo kuma tana zubar da wuta a hanya har akwatin ya riƙa mutuwa yana tashi ba dalili.

Na biyu da na saya daga baya yana bayan talabijin ɗin Inna, wadda ke da ramin kebul amma waifai ɗinta ba ya kamawa daga inda take. A bakin USB na talabijin ɗin yake shan wuta, na ɗago shi da tsawon wayarsa zuwa saman labule. Tare suke kunnuwa, tare suke mutuwa. Sai dai talabijin tana riga shi shiryawa, don haka na gaya wa jikokinta in sun kunna mata tafsiri a YouTube su ba shi kamar minti ɗaya kafin su fara danne-danne.